Kwalabe Biyu a Gindin Randa

Garin Auta, gefen Baturiya
6 ga Yuli

Zuwa ga Safiyanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ba ka cancanta ba, kai da ka shekara uku a Legas ko leƙe babu. Da fatan kana lafiya, kai da Hafsat da yara. Mu nan kalau muke. Ruwa ya fara shiga fadama, shinkafa ta yi kyau, sauro kuma ya fi ta kyau.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ƙarfen sabis ɗinmu tun da aka kwashe masa batura bai sake magana ba, sai mutum ya je Haɗejiya kafin waya ta shiga. Na so in ba ƙanwarka Mardiyya ta ɗauki hoton takardar ta tura maka, amma ka san bakinta, kafin magana ta iso ka ta gama zaga unguwarsu. Shi ya sa na ba Modu direban motar banda, tunda kusa da ku yake sauke kifi.

Maganar gwiwar Baba ce. Bana ta hagu ta kwantar da shi, sallah ma a zaune yake yi, jirgin kamun kifi kuwa rabonsa da shiga tun kaka. To, akwai wani mai allura da ya zo Haɗejiya yana zama a wani shago ranar kasuwa. Jinin mutum yake ɗiba, ya sa a wani inji mai juyawa, jinin ya rabu biyu, ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama. Ruwan ɗorawan yake zuƙa ya tsira wa mutum a gwiwa. Tsofaffi layi suke yi.

Mun kai Baba, kuma ba sai na faɗa maka wanda ya bi mu ba. In Legas ba ta wanke maka kai ba, ka san dokar gidanmu: Baba da Baffa Usaini tagwaye ne, abin da aka yi wa ɗaya sai an yi wa ɗaya. Tun suna zanen goyo kakarmu ta kafa wannan, wai in aka bambanta tagwaye gidan ba ya zama lafiya. Hula biyu, takalmi biyu, rana ɗaya aka yi musu aure. Ni kaina ban taɓa sayo wa Baba ko allurar ɗinki guda ɗaya ba. Shekarar da aka cire wa Baba haƙori, Baffa ya hau kujerar ya ce a cire nasa, lafiyayye garau, kuma aka cire.

Gwiwar Baffa ba abin da ya same ta, mutumin da yake tuƙa jirgi daga nan har Baturiya a tsaye. Mai allurar ya ce ba ya bukata. Baffa ya nannaɗe wando ya ce, "Ɗan nan, ba bukata na zo yi ba. Tsira kawai." Aka ɗebi na kowa, aka yi wa kowa a gwiwar hagu.

Mai allurar ya zuba ragowar ruwan a 'yan kwalabe biyu ya ba mu, ya ce a ajiye a wuri mai sanyi, bayan mako shida a yi ta biyu. Na ɗaura wa ta Baba farin zare, ta Baffa jan zare, na tura su cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa.

Kai da kake wuni a ɗakin gwajin jini, gaya mini gaskiya: abin nan magani ne ko wasan kasuwa? Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka ko ka ƙi ko ka so sai ka ba ni amsa.

Taubashiyarka,
Zaituna

*

Legas
21 ga Yuli

Malama Zaituna,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso tana ƙamshin banda, har abokan aikina suna tambaya ko miya aka aiko mini. Muna lafiya. Hafsat tana gaishe ki, ta ce ki daina zagin mijinta. Ki gaishe mini da Kawu Alasan da Kawu Usaini, gaisuwa ɗaya a raba musu daidai, kada in ja wa kaina.

Na yi dariya da labarin nannaɗe wando har na ƙware. Waɗannan tsofaffi, Allah Ya bar su tare.

Amsar tambayarki: magani ne na gaske, ba wasa ba. A nan asibitinmu ana yi, wani lokaci ma ni nake juya jinin. A cikin jini akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi waɗanda suke tsayar da jini in mutum ya ji rauni, su kuma taya nama warkewa. Injin yana tattaro su cikin wannan ruwan ɗorawan, likita ya mayar da su cikin gaɓar da ta gaji. Ana yi wa masu ciwon gwiwa da kafaɗa da waɗanda jijiya ta yi wa tsami. Wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan, wasu ko oho. Ba ya mayar da tsoho yaro, ki gaya wa Kawu kada ya fara neman amarya. Kuma gaskiya ne akan maimaita sau biyu ko uku, da 'yan makonni a tsakani. Yanzu juya shafi, ki karanta na bayan a nutse.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ajiyar. Duk ranar da za a yi allurar, sabon jini ake ɗiba, a juya, a tsira kafin mutum ya tashi daga kujera. Kuma jinin mai gwiwar, ba na wani ba, ko da uwarsa ce. Ruwan jini da ya kwana a kwalba a gindin randa ya zama gonar ƙwayoyin cuta. In aka tura shi cikin gaɓa, ƙafa za ta iya ruɓewa, rai ma zai iya tafiya. Wanda ya ba ku su, ko bai san aikinsa ba ko bai damu ba.

Kwalaben nan guda biyu, ki haƙa rami ki binne su da kyau, kada wani ya tono. In Kawu yana son ta biyu, a kai shi babban asibiti a ɗebi sabo. Ki rubuto mini cewa kin yi.

Naki,
Safiyanu

*

Garin Auta
12 ga Agusta

Safiyanu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya, amma gidan ba lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ruwa ya ci Baffa Usaini, yau kwana tara.

Da hantsi ya fita duba komarsa ta kamun kifi kamar kullum. Ana kiran azahar jirginsa ya dawo mashaya shi kaɗai. Gwangwalar tuƙinsa a kwance a ciki, takalmansa a jere, ko ɗigon ruwa babu a jirgin. Masunta sun yi kwana bakwai suna nema. Ka san yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ciyawar ta fi mutum tsawo, in ka shige ta ko muryarka ba ta fita. Ba a same shi ba. An yi addu'a, an yi sadaka, amma babu wanka, babu likkafani, babu kabarin da za a nuna.

Baba bai yi kuka ba. Da ma ya yi. In na kai masa tuwo sai ya sa hannu ya raba shi biyu daidai, ya ci rabi, ya tura rabin gefen tabarmar da Baffa yake zama.

Takardarka ta zo, amma a hanyar shigowa da ita jirgin ya sha ruwa. Wane irin biro kake rubutu da shi? Shafin farko na karanta, na ji daɗi da ka ce magani ne na gaske kuma ana maimaitawa. Shafi na biyu ya koma shuɗin ruwa. Na shanya shi, na ɗaga shi a rana, abin da na iya tsinta "kwalaben nan" da kuma "su da kyau". Na gane kana cewa in kula da su. Kada ka damu, kullum sai na jiƙa yashin safe da yamma.

A kan kwalaben ma ake ta magana. Wanzamin garinmu ya ce ko jinin ƙaho ba a barin sa a fili, binne shi ake yi, balle wannan da shi kaɗai ya rage daga jikin mamaci. Liman ya ce hakan ya yi, a haƙa masa wuri a maƙabarta. Aka zo wurin Baba da maganar. Ya daɗe yana kallon randar, sannan ya ce, "A bari tukuna."

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kai ma don kana nesa ne. Yashin nan sanyi ƙalau yake. Kwalbar Baba mai farin zare ita ma da sanyi. Amma ta Baffa, duk lokacin da na taɓa ta sai in ji ɗumi, kamar ƙwan da aka ɗauke daga ƙarƙashin kaza. Na sauya musu wuri, na sa wannan a gurbin waccan. Washegari mai jan zaren ce dai da ɗumi. Ka yi mini dariya in ka so, ni dai tsoron ɗiban ruwa a randar nake ji.

Zaituna

*

Legas
24 ga Agusta

Zaituna,

Allah Ya jiƙan Kawu Usaini, Ya sa ruwan nan ya zama shahada a gare shi, Ya ba Kawu Alasan da ku duka haƙuri. A bakin titi inda Modu ya miƙo mini takardar na zauna na karanta ta.

Ba haka na rubuta ba, Zaituna. Ban ce ki kula da su ba, cewa na yi ki binne su. Wanzami da liman suna da gaskiya. A binne duka biyun ranar da wannan ta same ki, kada a tsira wa kowa ko ɗigo. Guba ce. Na kira duk wata lamba da na sani a wajenku, ba wadda ta shiga. Na kira Mardiyya, tana Birniwa wurin suna, ta ce in ta dawo za ta nemi mai jirgi. Wannan karon da fensir na rubuta.

Safiyanu

*

Garin Auta
29 ga Agusta

Safiyanu,

Sallama da gaisuwa. Shiru na ji daga wurinka. An ce ruwa ya yanke titi, motar Modu tana can ta maƙale da sauran motoci. Wannan ta hannun Mardiyya zan aiko, an ce jiya ta dawo gida. Ta ɗauki hoto ta tura maka, ta kuma gaya wa duk wanda ta ga dama, yanzu ban damu ba.

Mako shida ya wuce, mai allura bai dawo ba. Ranar Talata Baba ya aika aka kira mai kemis na ƙauyen gaba. Kafin ya iso, ya sa aka ɗauke shi zuwa mashaya da kwalba mai farin zare, tasa ke nan. Ya buɗe ta ya tsiyaye a ruwa, ya ce, "Ga nawa, riƙe." Da muka dawo ya miƙa wa mai kemis mai jan zaren.

Na ce, "Baba, wannan ta Baffa ce."

Ya ce, "Na sani, Uwata. Wata tara muka yi muna shan jini ɗaya. Ba zan bar shi a rami shi kaɗai kamar jinin ƙaho ba. Nawa ya je wurinsa, nasa ya zo wurina, an yi daidai."

Na tuna ka ce magani ne, ka ce a kula da su. Ni na riƙe masa ƙafar aka tsira.

Ranar Laraba ya yi ta nishi. Ranar Alhamis da tsakar rana, ina tankaɗe, na ji tafiya a bayana. Na juya na ga Baba a tsaye, ba sanda, ba dafa bango. Na yi hamdala, har na fara murna. Sai ya yi gyaran murya sau biyu, irin wanda Baffa yake yi in zai shigo gida. Matar Baffa da take takaba ta amsa daga ɗaki, "Sannu da zuwa," kafin ta tuna. Tun daga nan ba ta sake buɗe ƙofarta ba.

Ka san Baba tun da aka haife ni Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsu na ci. Baffa ne yake tsokanata da Mai Alli saboda koyarwa. Ranar nan Baba ya dube ni ya ce, "Mai Alli, ina gwangwalata?" Na miƙo masa ta Baffa don ita ce a kusa. Da hagu ya karɓa. Baba bai taɓa riƙe komai da hagu ba, Baffa ne bahago.

Yanzu kullum rana na take tsaka sai ya tafi mashaya, lokacin da ba kowa, ya shiga ruwa iya gwiwa ya tsaya yana kallon gabas. In na je janyo shi sai ya ce sanyi yake ji, wai kacalla tana yankar masa wuya, a zo a kwance shi. Alhali jikinsa zafi kamar garwashi. Gwiwar ta kumbura tana sheƙi, fatar ta fara yin baƙi zuwa cinya, akwai kuma wani wari. Na danna, ya ce ba ya jin komai.

Mutane suna ta zuwa kallon gurgun da ya miƙe. Tsofaffi biyu har sun tambayi inda ake samun allurar. Ni kuwa ban san wa nake kai wa tuwo ba. Ya daina raba shi biyu, duka yake cinyewa.

Zaituna

*

Haɗejiya
30 ga Agusta

Yaya Zaituna, ni ce Mardiyya. Yaya Safiyanu yana kan waya, abin da yake faɗa nake rubutawa, mai jirgi yana jira.

Ya ce: Zaituna, babu lokacin gaisuwa. Ba warkewa Kawu ya yi ba. Ƙwayoyin cuta ne suka cika gwiwar suka shiga jini. Zazzaɓi ne ya juya masa kai, naman da ya mutu kuma ba ya ciwo, shi ya sa yake takawa. Ki sa shi a jirgin nan da ya kawo takardar, yanzu, ba gobe ba. Kada a tsaya yin ƙaho, kada a shafa komai, kada a jira shawarar kowa. In ya ƙi, a ɗaure shi a ɗauko. Na yi magana da wani likita abokina, yana jiran ku a asibiti. Ki zo da kwalbar ko babu komai a ciki. In ya ƙara kwana biyu a gida, ba ƙafa za ku rasa ba, shi za ku rasa.

Ya ce kuma in rubuta miki cewa ba laifinki ba ne.

Ni ma ina bakin ruwa ina jiran ku da mai mota. Wallahi ban gaya wa kowa ba.

Mardiyya

*

Garin Auta
27 ga Satumba

Safiyanu,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku. Jiya muka dawo gida. Mun yi magana a waya daga asibiti, amma a gaban mutane, akwai abin da ban iya faɗa ba.

Ranar da takardar Mardiyya ta zo, a mashaya na same shi cikin ruwa. Na ce, "Baba, zo mu je asibiti." Ko juyowa bai yi ba. Na faɗa sau uku. Maza suka fara kawo igiya, na ga ba zan iya kallon an ɗaure mahaifina kamar rago ba. Sai na ce, Allah Ya yafe mini, "Baffa Usaini, Baba ba shi da lafiya, taimaka mu kai shi asibiti." Nan take ya juyo ya ce, "To, me muke jira?" Da ƙafarsa ya shiga jirgin.

Mun yi nisa, wajen wata giginya guda ɗaya da take tsaye a tsakiyar kacalla, ya tashi zaune ya nuna gindinta da hannun hagu. Ya ce, "Nan ne. Ku tsaya ku kwance ni." Mai jirgi ya sassauta yana kallona. Na ce ya wuce. Baba ya bi giginyar da ido har ta ɓace, daga nan ya suma.

Sauran ka sani. Likita ya ce da mun ƙara wuni da sai dai gawa. An yanke ƙafar hagu, tafin hannu ɗaya sama da gwiwa. Da ya farfaɗo bayan kwana uku, ya buɗe ido ya ce, "Uwata, ba ni ruwa." Da dama ya karɓi kofin. Na fita baranda na yi kukan da na riƙe tun watan jiya.

Abu na farko da ya tambaya shi ne ƙafar. Ashe tun ranar tiyatar maza sun karɓo ta a naɗe, sun kawo gida an binne a maƙabarta, kamar yadda ake yi. Da aka gaya masa ya yi murmushi ya ce, "To, Usaini ya samu kabari."

Takardarka ta fensir jiya Modu ya miƙo mini. Na karanta ta tas, ko harafi ɗaya bai goge ba.

Zaituna

*

Legas
15 ga Oktoba

Zaituna,

Wa'alaikumus salam. Alhamdu lillahi da Kawu ya tashi. Hafsat ta ce a gaishe shi da jiki. Na ba Modu sandunan tafiya irin na asibiti, a gwada masa tsawonsu. A riƙa wanke dungulmin kamar yadda aka nuna miki.

Na jefar da biron nan. Na san ba shi ya yi ba, amma na kasa ganin sa a aljihuna. Da na fara da gargaɗin kafin barkwanci, da a shafin farko kika same shi.

Game da abin da kika gani, ki kwantar da hankalinki. Mutumin da ya shekara saba'in da ɗan'uwansa ya san tarinsa, ya san yadda yake riƙe gwangwala, ya kuma san inda yake kafa koma. Zazzaɓi da kewa suka fito da su. Ina ganin irin wannan a asibiti. Jini ba ya ɗauke da murya, Zaituna, na shekara goma sha biyu ina leƙa shi.

In Allah Ya so ina nan tafe bayan sabuwar shekara, in na samu hutu.

Naki,
Safiyanu

*

Garin Auta
9 ga Disamba

Safiyanu,

Assalamu alaikum. Da fatan kai da iyali kuna lafiya. Sanduna sun iso, mun gode. Baba yana takawa da su har masallaci. Dungulmin ya warke, yana cin abinci, har ya yi ƙiba. An gyara ƙarfen sabis, amma wannan maganar ba zan iya faɗin ta da baki ba.

Ruwa ya janye. Ranar Litinin masu yankan kacalla suka samu Baffa. Ba sai na faɗa maka a gindin wace bishiya ba. Igiyar komarsa ce ta naɗe shi da ciyawar, ta wuya. Ƙasusuwa ne cikin riga, da zoben azurfarsa aka gane shi, irin wanda yake hannun Baba.

Aka kawo shi a tabarma. Baba ya ce a buɗe masa. Komai yana nan, Safiyanu, har 'yan yatsu. Ƙafar hagu ce kawai babu. Na san abin da za ka ce, za ka ce kada ne, ko ruwa ne ya ja ta, kuma wataƙila haka ne. Masu yankan ma sun koma sun tona wurin, ba su ga komai ba. Baba ya sunkuya ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙashin cinyar ya auna inda ya ƙare, sannan ya ɗora a kan nasa dungulmin. Ya gyaɗa kai kawai, kamar wanda aka kawo wa ɗinki ya ga ya yi daidai.

Ya ce a haƙa kabarin a jikin inda aka binne ƙafar. "Tasa ce, ku mayar masa." Liman bai musa ba.

Maza suna wurin haƙa, sai ni aka aika shagon bakin kasuwa in sayo likkafani. Na je, na gaisa da mai shago, ya yanka, ya naɗe, na ɗauko. Wallahi ban san na faɗa ba. Sai da na shigo gida na kwance ƙullin a gaban Baba na ga guda biyu ne. Na koma a guje na ce ya yi kuskure. Mai shagon ya ce, "Malama, ke kika ce biyu, kamar kullum."

Na dawo zan ɗauke ɗayan in mayar, na tarar Baba ya riga ya ninke shi ya sa a ƙarƙashin matashinsa. Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Ke kaɗai ce ba ki taɓa bambanta mu ba."

An binne Baffa da la'asar. Tun daga ranar Baba yake cikin fara'a. Ya raba komarsa, ya ba wa mai jirgin da ya kai mu asibiti gwangwalar. Jiya ya sa wanzami ya yi masa aski. Lafiyarsa ƙalau, likita ma ya faɗa. Amma ni na zauna na duba, haƙori da haƙori, jini da jini, ƙafa da ƙafa. Abu ɗaya ne ya rage da aka yi wa ɗaya ba a yi wa ɗayan ba.

Ka ce sai bayan sabuwar shekara. Kada ka jira hutu, ɗan'uwana. In kana son ka gaisa da Kawunka, ka biyo Modu a wannan zuwan.

Zaituna